Darasi: Ina Yini Yake Tafiya? Tsarin Lokaci Domin Masu Sana'a A Gida



Da wuya a sami gida a cikin ƙungiyoyinmu na gama kai inda noma kaɗai ake yi. Nan uwargida tana matsar man gyaɗa tana suyar ƙuli-ƙuli, can ana dafa daddawa, wani gidan ana kiwon kaji, wani kuma maigida yana da keken ɗinki ko injin niƙa a zaure. Waɗannan sana'o'i su ne suke sayen gishiri da sabulu, su ne kuma suke biyan kuɗin makaranta sa'ad da hatsi bai isa sayarwa ba. Amma in an tambayi masu yinsu yaya aiki, amsar ɗaya ce: yini ba ya isa. Suna tashi tun da asuba, ba su kwanciya sai dare ya yi nisa, duk da haka aikin jiya yana nan yana jiran na yau.

Darasinmu na wannan wata a kan wannan ne. Mai sana'a a gida yakan lissafta kuɗin gyaɗa, da na itace, da na niƙa, amma ba ya lissafta awoyinsa, domin yana gani ba saye ya yi ba. To, muna so mu nuna cewa awa ma jari ce, tana kuma ƙarewa kamar yadda hatsi yake ƙarewa a rumbu.

Mai kanti a gari yana da ƙofa. In ya buɗe, yana kasuwa, in ya rufe, yana gida. Mai sana'a a gida ba shi da wannan. A tsakar gida ɗaya ake girki, ake wanki, ake renon yara, ake karɓar baƙi, a nan ne kuma ake sana'a. Mace ta ɗora kasko ke nan sai yaro ya zo sayen mai na cokali biyu, ta dawo sai akuya ta shiga shanya, ta kore ta sai maƙwabciya ta yi sallama. Kowane ɗaya ƙaramin abu ne. Amma duk lokacin da aka katse aiki, wuta takan ci itace a banza, ruwan zafi yakan huce, sai an sāke farawa.

A fara da ƙirga

Kada kowa ya canja kome tukuna. A fara da ƙirga na mako guda, daga Litinin zuwa Asabar. Ba sai wanda ya iya rubutu ba. A sami gwangwani biyar, a sa wa kowane alama: ɗaya na gona, ɗaya na aikin gida, ɗaya na sana'a, ɗaya na hanya da jira, ɗaya na zumunci, watau gaisuwa, da biki, da makoki, da taro. A sa ƙwayar masara ɗaya domin kowace awa. Yawancin gidaje yanzu akwai wayar hannu, tana da agogo. Inda babu, a bi rana: asuba, hantsi, tsakar rana, la'asar, faɗuwar rana. Da dare, kafin a kwanta, a tuna yadda yinin ya tafi, a zuba masarar. Ɗan makaranta zai ji daɗin riƙe wannan lissafi in an ba shi.

Gwangwanin da muke so ku sa wa ido shi ne na huɗu, na hanya da jira. Zuwa inji da jiran layi, zuwa rijiya, zuwa itace, jiran mota a bakin hanya, zagayen bin bashi. Ba a kiran waɗannan aiki, ba a kuwa kiransu hutu, shi ya sa ba wanda yake ƙirga su.

Ran Asabar da yamma a yi lissafi na biyu. A cire kuɗin kaya duka daga cinikin mako, abin da ya rage a raba shi da awoyin sana'a, har da na hanyar da aka yi dominta. Ga misali, da adadin da muka ɗauka domin sauƙin lissafi kawai: a ce ribar mako naira 6,000 ce, awoyin kuwa 30. Ashe kowace awa naira 200 ta kawo. Sai a gwada wannan da abin da ake biyan ɗan ƙwadago a gona a ƙauyenku. Waɗansu za su ga sana'arsu ta fi ƙwadago nesa. Waɗansu kuwa za su ga suna wahala ne kawai domin a ce suna da sana'a. Gara mutum ya san wannan da ya yi shekara biyar bai sani ba.

Misalin man gyaɗa

Bari mu ɗauki matsar man gyaɗa, da yake sana'a ce da kowa ya sani. Akwai ɓare gyaɗa, da tsince ruɓaɓɓu, da suya, da murje jan ɓawo, da bakace, da kai wa inji, da tuƙawa da ruwan zafi har mai ya fito, sa'an nan a murza tunkuza a soya ƙuli-ƙuli. In kun lura za ku ga aikin iri biyu ne. Akwai wanda yake ƙaruwa da yawan gyaɗa, kamar ɓarewa da tuƙi. Akwai kuma wanda ba ruwansa da yawanta: hura wuta, tafiya inji da dawowa, jiran layi, wanke turmi da kasko. Tiya biyu da tiya shida, tafiyar inji ɗaya ce.

A ce tafiya inji da jira awa 1 ce, hura wuta da wanke-wanke kuma rabin awa. Macen da take yin tiya 2 kowace rana, kwana 6 a mako, tana ɓatar da awa 9 a kan waɗannan kaɗai. Wadda take yin tiya 6 sau 2 a mako, gyaɗarsu ɗaya ce, tiya 12, amma awa 3 kawai ta ɓatar. Awa 6 ta rage mata, kusan yinin gona guda ke nan, ban da itacen da ta tsimi. Da lissafinmu na ɗazu, awa 30 ta koma 24, kowace awa kuma ta tashi daga naira 200 zuwa 250, ba tare da an ƙara wa mai saye ko kwabo ba.

Mun san abin da mata za su ce a nan, gaskiyarsu ne kuwa. Ba don rashin wayo suke yin kaɗan kaɗan ba, don rashin jari ne. Da cinikin jiya ake sayen gyaɗar yau. To, wannan shi ne wurin da ƙungiya take da amfani. Rancen da zai sayi gyaɗar kwana uku gaba ɗaya ba babba ba ne, yana kuma dawowa cikin mako. In ƙungiya ta sayi gyaɗa da kaka, lokacin da take araha, ta shanya ta sosai ta ajiye a wuri busasshe, membobi su riƙa auna ta mako mako, an rage musu tsada an kuma rage musu tafiya kasuwa. A kula da bushewar nan ƙwarai. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana da dafi mai lalata hanta, suya kuwa ba ta kashe shi.

Amma ba kowace sana'a ce take yarda da tarawa ba. Mai, da ƙuli-ƙuli, da daddawa, da sabulu, da man kaɗe suna ajiyuwa. Ƙosai, da awara, da kunun zaƙi ba su kwana. Mai irin wannan sana'a, abin da za ta iya tarawa shi ne shirin: ta tsince wake na mako duka rana ɗaya, ta tanadi itace, ta jiƙa na gobe tun da dare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daddawa tana koya mana wani abu dabam. Kalwa tana daɗewa a kan wuta, bayan an wanke an rufe kuma takan yi wajen kwana uku kafin ta nuna. Yawancin lokacin nan jira ne. Mai dabara takan ɗora kalwa a ranar da take da aikin zama kusa da murhu, kamar ɓarar gyaɗa ko tsintar wake, ta kuma ƙirga kwanakin baya baya daga ranar kasuwa.

Ranar kasuwa ce uwar mako

Wannan ƙirga baya baya ita ce babbar dabara a darasin nan. Kowane yanki yana da ranar kasuwarsa. Mutanen ƙasar Mangu, alal misali, sun san Jumma'a ce tasu. In kasuwa Jumma'a ce, ran Alhamis da yamma ya kamata mai ya riga ya shiga kwalabe, ƙuli-ƙuli ya huce an ƙulla. Ashe niƙa da tuƙi na Alhamis da safe ne, suya da murza na Laraba, ɓarewa na Talata da yamma. Wanda ya tsara haka ba zai kwana yana suya ba, ba zai isa kasuwa bayan 'yan sari sun gama saye sun tafi ba.

Tafiya kuma ta yi tsada. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na babur da na niƙa duk sun hau. Ba dalili mata biyar na unguwa ɗaya su tafi inji kowace da ƙwaryarta, su biyar su zauna a layi. Ɗaya ta tafi da na biyar, kowace ta sa alama a buhunta, gobe wata ta tafi. Kafin a tashi kuma a buga wa mai inji waya a ji ko injin yana aiki, ko yana da mai. Kiran minti ɗaya ya fi tafiyar awa ɗaya a banza.

Tun da mun ambaci waya, bari mu faɗi ɗayan gefen. Tun shekarar 2001 da wayar hannu ta shigo Nijeriya ta rage wa mutane tafiya mai yawa, amma ita ma tana cin yini in an sake mata. Musamman muna roƙo, in mai yana kan wuta, a ajiye waya. Tafasasshen mai da ƙaramin yaro mai rarrafe ba su son a juya musu baya ko na minti ɗaya.

Masu saye, da baƙi, da masu bashi

Masu saye na unguwa sun saba zuwa kowane lokaci. Ba za a hana su da faɗa ba, sai da sabo. A auna mai a ƙananan kwalabe tun da dare, a ƙulla daddawa da ƙuli, a ajiye a tebur kusa da ƙofa, domin kowa a gida ya iya miƙawa ba sai mai sana'a ta bar wuta ba. A faɗa wa mutane lokacin da kaya sabo yake fitowa, za su riƙa zuwa a lokacin. Tela ma haka: ya sa rana ɗaya ta yanka, ranakun ɗinki, da ranar karɓa. Kada kuma ya ce "gobe" alhali ya san sai jibi, gama mutumin da ya zo sau uku ya ɓata lokacinsa ya ɓata na tela. A makon farko ba za a ga canji ba. Sai an yi wata guda.

Baƙo kuwa ba a korarsa. Ba mu koyar da cewa a rufe ƙofa domin kuɗi. Wanda ya zo da rashin lafiya ko rasuwa, a ajiye kome a tashi. Amma wadda ta zo hira, a shimfiɗa mata tabarma kusa da aiki, a ci gaba. Kullum a ajiye wani aikin hannu na zama domin irin wannan lokaci. Sau da yawa baƙuwar da kanta za ta ja faifai ta taya.

Bashi shi ne ɓarawon da ya fi kowa. Kwalba ɗaya da aka ba da bashi tana iya cin tafiya huɗu kafin kuɗin ya fito, in ya fito. A rubuta kowane bashi a littafi, a sa iyakar abin da za a bi mutum ɗaya, a kuma sa rana ɗaya tak ta karɓa, watau yammar ranar kasuwa ko washegari da safe, sa'ad da kuɗi yake hannun mutane.

Damina ba ta jira

Mu manoma ne kafin mu zama masu sana'a. Abinci na shekara yana fitowa cikin 'yan watanni, akwai kuma makonnin da in sun wuce ba su dawowa. Masara da dawa suna bukatar noman farko cikin mako biyu zuwa uku bayan shuka. In ciyawa ta rufe su a makonni shida na fari, ko an nome daga baya amfanin ya riga ya ragu. Mutumin da ya bar noman farko domin ya ɗinka riguna uku, ya sami kuɗin riga uku, ya rasa buhuna. Don haka muna ba da shawara a rage sana'a da gangan daga shuka zuwa maimai, a gaya wa masu saye tun da wuri, a mai da ƙarfi gare ta da rani.

A kowace sana'a a tambaya: wane sashi ne lokaci ya tilasta, wane ne zai iya jira? Kaɗanya tana zuba da farkon damina, daidai lokacin da gona take kira. Tsinta, da dafawa, da shanya ba su jira. Amma ƙwarar da ta bushe sosai tana ajiyuwa wata da watanni, ba dole a yi man a lokacin ba. Haka kalwa, ana samunta da bazara, ana iya dafa ta duk shekara.

Masu kaji su ma su ƙirga baya baya. Kajin gidan gona na nama sukan isa sayarwa cikin mako 6 zuwa 8. Wanda yake so ya sayar da Kirsimeti, mako 8 kafin 25 ga Disamba shi ne 30 ga Oktoba. Wannan kuwa tsakiyar kaka ne, 'yan tsaki kuma suna bukatar ɗumi da dubawa dare da rana a makonni biyu na fari. Kafin a biya kuɗin 'yan tsaki, a zauna a yanke wanda zai zauna da su sa'ad da sauran suke girbi. In ba kowa, a rage yawansu. Kazar gida takan yi kwana 21 a kan ƙwai, 'ya'yan kuma sai sun yi wata biyar ko shida kafin su isa kasuwa, ashe nasu shirin tun tsakiyar damina ne. Annobar kaji ta Niyukasul ta fi ƙarfi da hunturu. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana yin maganin rigakafinta, amma kwalba ɗaya ta kaji da yawa ce, in an haɗa ta kuma ba ta daɗewa. Ya fi kyau ƙungiya ta sa rana ɗaya kafin hunturu, kowa ya kulle kajinsa tun da dare, a bi gida gida da safe a gama.

Magana ga masu gida

A shekarar 2018 Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta ba da rahoto cewa kashi uku cikin huɗu na aikin gida da reno wanda ba a biya, mata ne suke yinsa. A matsakaicin lissafi na duniya, mace tana yin awa 4 da minti 25 a rana, namiji awa 1 da minti 23. A ƙauyen da ake ɗebo ruwa daga nesa ana kuma neman itace a daji, ku da kanku kun san yadda abin yake. Mace tana noma a gandu, tana noma gayaunarta, tana girki, sa'an nan sana'a. Ba wata dabarar tsara lokaci da za ta ƙara mata awa in ba a ɗauke mata wani kaya ba.

Maigida mai keke ko babur zai iya kawo jarka huɗu na ruwa a lokacin da matarsa za ta kawo ɗaya a ka. Zai iya sauke buhun niƙa a inji a kan hanyarsa. 'Yan maza za su iya faskare da wanke-wanke kamar 'yan mata. Murhun laka mai tsimin itace, wanda ake ginawa da yumɓu a gida, yana rage zuwa daji. Kuɗin sana'ar nan cikin tukunyar gida yake shiga, kowa yana ci.

Akwai kuma hanyar samun lokaci wadda ba mu yarda da ita ba ko kaɗan, ita ce a hana yarinya makaranta domin talla ko reno. Wannan ba tsimin lokaci ba ne, cin bashi ne daga shekarun yarinyar, ita ce kuwa za ta biya. Taimakon yara ya zama bayan an tashi makaranta, kusa da gida, kafin duhu. Haka nan ranar Lahadi. Wanda ya tsara kwana shida da kyau ba zai bukaci ya saci ta bakwai ba, jikin da bai huta ba kuwa shi ne yakan kwanta ciwo a tsakiyar noma.

Lokacin taro

Ƙungiya ma tana iya cin lokacin membobinta. In an sa taro ƙarfe 4 aka fara ƙarfe 5, mutum 20 suna zaune, awa 20 ke nan ta tafi, fiye da aikin mutum ɗaya na kwana biyu. Mako mai zuwa kuma waɗanda suka zo da wuri za su koyi zuwa a makare. Ƙungiyoyin ajiya da rance na Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a ƙasar Maraɗi ta Nijar a shekarar 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, suna taruwa ne mako mako a rana sananniya, membobi da kansu suke sa dokokinsu, har da 'yar tara ga wadda ta makara. Tsarin ya bazu ƙasashe da yawa. Tarar ba ta da yawa, amma tana shiga akwati, kowa kuma yana ganin an biya. A sa lokacin farawa, a sa na tashi, magatakarda ya karanta abubuwan da za a tattauna tun da fari, shugaba kuma ya fara da waɗanda suka zo.

Aikin da za a yi kafin taro na gaba

Kowane gida ya yi ƙirgan masara na kwana shida, miji nasa dabam, mata nata dabam, a zo da adadin. A wurin taro magatakarda ya zana watanni 12 a allo, a sa alamar shuka, da noman farko, da maimai, da girbi bisa ga yadda ruwa yake sauka a yankinku, a ƙarƙashi kuma kowa ya faɗi watannin da sana'arsa ta fi ciniki. Inda biyun suka yi karo, a tsaya a tattauna. Sa'an nan masu zuwa inji ɗaya su ware gefe su raba ranakun tafiya, ma'aji kuma ya faɗi nawa ne a akwati wanda za a iya ba da rancen mako guda.